Matakala 5,500: littafin shirinmu na hawan Dutsen Adamu

Asabar, 17 ga Agusta, 2024

Yau muka tsayar da magana a zauren Yaya, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Mu biyar ne: ni, uwargida, Yaya, autanmu, sai abokina mai kemis da duk unguwa ke kira Dakta, ko da yake bai taɓa cewa shi likita ne ba. Niyyarmu, in Allah ya yarda, bayan ƙaramar Sallah mai zuwa mu je tsaunukan tsakiyar Siri Lanka, mu yi kwana tara, mu hau Dutsen Adamu.

Wani yaro ɗan aji biyu ne ya jawo mini wannan aiki. Shekara 19 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a sakandare nan Birnin Kebbi. Na zana tsauni a allo ya fi sau ɗari, ina bayanin yadda sanyi ke ƙaruwa in ana hawa, da yadda gajimare ke sauke ruwansa a gefe guda ya bar ɗayan da ƙishi. Rannan ina cikin haka yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa hawa irin wanga?" Aji ya yi tsit. Ni dai in ka cire tudun Dukku na nan garin, ban taɓa hawa abin da ya fi benen makaranta ba. Na faɗa masa gaskiya, suka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya bi ni har gida.

Me ya sa Siri Lanka, ba Mambila da ke ƙasarmu ba? Tambaya ce mai kyau, kuma Dakta ya yi ta. Chappal Waddi na Taraba mita 2,419 ne, ya ma fi Dutsen Adamu da ke da mita 2,243. Amsata ita ce Ibn Baɗuɗa, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko. Mutumin nan ya hau wannan dutse a 1344, a tsibirin da Larabawa ke kira Sarandib, sannan bayan shekara takwas ya ƙetare Sahara ya zo Mali, har ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfen garin Takedda da ke ƙasar Nijar ta yau. Ƙafar da ta taka can ta tako kusa da mu. Tun ina ɗalibi wannan ke burge ni. Ga shi kuma tsibiri ne da bai kai ninki biyu na jihar Kebbi ba, amma mutum zai tashi daga bakin teku da safe yana gumi, la'asar ta same shi yana neman bargo.

Yaya ya saurari duk wannan yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce, "To mi za mu ɗauko can?" Na ce ba komai, gani kawai. Ya ce, "Gani? Da kuɗin buhu nawa?" Amma bai ce ba ya zuwa ba. Wanda ya san Yaya ya san wannan amincewa ce.

Uwargida ce ma'aji. Kuɗin noman ranin bara da na bijimai biyun da na sayar da Babbar Sallah duk suna hannunta, kuma ta ce ko sisi ba ya fita sai da dalili.

Lahadi, 1 ga Satumba

Hanyar da aka fi bi zuwa ƙolin dutsen tana farawa daga wani ƙauye mai suna Nallathanniya, kusa da garin Hatton, kuma matakala ce kusan 5,500. Benen makarantarmu matakala 22 ne. Na raba: hawa 250 cif. Na auna tsayin taki guda da rula, na samu santimita 17, wato hawa 250 zai ba mu mita 900 da 'yan kai, bai yi nisa da abin da za mu hau a can ba. Shugaban makaranta ya ba mu izinin shiga ranakun Asabar da Lahadi bayan sallar asuba.

Sakamakon rana ta farko: auta 70, uwargida 44, Dakta 38, ni 31, Yaya 19. Yaya ya zauna a matakalar ƙasa yana haki ya ce, "Wanga ba yawon buɗe ido ba ne, yawon rufe ido ne."

Abin da ban zata ba shi ne saukowa. Hawa numfashi yake ci, saukowa gwiwa take ci. Yau da ƙyar na yi ruku'u.

Asabar, 14 ga Satumba

Ba mu yi atisaye ba sati biyu. Ruwa ya cika fadama ya cinye wa Yaya kusan rabin shinkafarsa, muna can muna tsamo abin da ya tsamu da kwalekwale. Ban yi masa zancen tafiya ba, don ba lokacinsa ba ne.

Shi ne da kansa ya tayar da maganar da daddare, ta wata hanya dabam. Ya ce wai su mutanen can shinkafa suke ci? Na ce safe da rana da dare. Na ba shi labarin abin da ya faru a watan Afrilu 2021, da gwamnatinsu ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce kowa ya koma takin gargajiya. Amfanin shinkafa ya faɗi, na shayi ya faɗi, ƙasar da ke ciyar da kanta ta koma sayen shinkafa daga waje. Kafin shekara ta ƙare suka janye dokar, amma ta riga ta yi ɓarna. A 2022 ƙasar ta kasa biyan bashinta, mai ya yanke, mutane suka cika titi, har shugaba Gotabaya Rajapaksa ya gudu a watan Yuli.

Yaya ya yi shiru, can ya ce, "Ashe su ma sun sha." Daga nan ya shiga tambayar yadda suke noma a jikin tudu. Na nuna masa hoton gonakin da ake sassaƙawa hawa-hawa kamar matakala, ruwa na gangarowa daga fage zuwa fage ba injin ban ruwa, ba fetur. Ya riƙe wayar ya fi minti biyar. Ya samu abin da zai ɗauko.

Juma'a, 27 ga Satumba

Maganar ta fita unguwa, kuma ta fita a karkace. Wata maƙwabciya ta tare uwargida tana cewa in mun je mu ɗebo mata ƙasar sawun Annabi Adamu. Wani kuma ya ce ya ji za mu yi "ƙaramin hajji". Wannan ya tsorata ni, don haka bayan an sauko Juma'a na bi limamin unguwarmu gida.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ke tafe da ni." Na yi masa bayani dalla-dalla. A ƙolin dutsen akwai wani lotsi a jikin fa mai kama da sawun ƙafa, tsawonsa ya kusa mita biyu. Mabiya Buda, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar kuma su ke kula da wurin, suna cewa sawun Buda ne, suna kiransa Siri Pada. 'Yan Hindu suna cewa na Shiba ne. Musulmi kuma tun zamanin fataken Larabawa suke cewa nan Annabi Adamu ya fara taka ƙasa da aka sauko da shi. Ibn Baɗuɗa ya tarar da hanyoyi biyu, ana kiran ɗaya hanyar Baba, ɗaya hanyar Mama, wato Adamu da Hauwa'u. Ya kuma ga sarƙoƙin ƙarfe guda goma da aka kafa a inda dutsen ya miƙe, ta goma ana ce mata sarƙar shahada, don wanda ya kai gare ta ya leƙa ƙasa, tsoro kan sa ya yi kalmar shahada.

Malam ya yi murmushi a nan. Sannan ya ce zancen saukar Annabi Adamu a ƙasar Hindu ko Sarandib yana cikin littattafan tafsiri da tarihi, amma ruwayoyi ne na magabata, babu ingantaccen hadisi daga Manzon Allah (SAW) da ya ce ga dutsen, ga sawun. Ya tuna mini hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku: na Makka, na Madina, da na Ƙudus. "In ka tahi neman lada ga dutsi, ka yi asarar kuɗinka da niyyarka. In ka tahi kallon halittar Allah, Alƙur'ani da kansa ya ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba. Gyara niyya, Malam, ka kuma gyara wa mutane magana."

Na tambaye shi ƙararrawar da ke can sama, wadda kowa ke kaɗawa gwargwadon yawan hawan da ya taɓa yi. Ya ce, "Ta masu wuri ce. Bar musu abinsu. Ka cire takalmi inda suka ce a cire, kada ka wulaƙanta abin kowa, kada ka shiga ibadar kowa."

Na fito zuciyata wasai. Daga yau duk wanda ya tambaya, yawon buɗe ido za mu, ba ziyara ba. Kuma ba mu ɗebo wa kowa ƙasa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Mun koma huɗu. An sa wa auta rana, Inna ta ce kuɗin dutse ya koma kuɗin lefe, kuma babu mai jayayya da Inna. Haushin shi ne shi ya fi mu ƙafa. Ya riga ya kai 160.

Lissafi ma ya motsa. Dala ta haura naira 1,600, litar fetur ta wuce 1,000, kuma kuɗin jirgi da dala ake auna shi. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Kolombo, birni mafi girma a Siri Lanka, sai an yada zango a Doha ko Dubai. Uwargida ta zauna da biro ta rage kwana tara zuwa bakwai, ta soke kwanan da na ware na bakin teku. Ta ce, "Malam, ruwa kake son gani? Mu je Yawuri."

Bene: uwargida 105, Dakta 96, ni 90, Yaya 72. Mun fara haɗawa da Dukku ranar Lahadi, don ƙafa ta saba da tsakuwa da gangara, ba siminti kaɗai ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Sati uku ina kan taswira, yau na kammala tsarin hanya. Zan rubuta shi a nan da dalilansa, don in wani abu ya canja mu san me muka bari.

Filin jirgin yana Katunayake, arewa da Kolombo. Kwana ɗaya a Kolombo don jiki ya saba da agogo, tunda suna gabanmu da awa huɗu da rabi. Ina son mu yi salla a jan masallacin nan na unguwar Pettah, Jami'ul Alfar, wanda aka gama a 1909. Musulmi kusan kashi goma ne cikin ɗari na mutanen ƙasar, don haka abincin halal ba zai yi wuya a garuruwa ba. Wani abu da sai mun kula: a can alƙibla tana arewa maso yamma. Mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas" in muna nufin salla, sai mun juya wa fitowar rana baya.

Daga nan jirgin ƙasa. Turawan Ingila ne suka shimfiɗa layin, ya isa Kandi a 1867, Nanu Oya a 1885, Badulla a 1924. Kandi ita ce masarautar ƙarshe da ta faɗa hannunsu, a 1815, bayan Turawan Fotugal da na Holan sun yi ta ƙoƙari sun kasa. Tsaunukan ne suka zame mata ganuwa. Mu a Kebbi dogo bai taɓa zuwa mana ba, ya tsaya Ƙaurar Namoda tun 1929, don haka cikinmu Dakta ne kaɗai ya taɓa shiga jirgin ƙasa. Ina jin wannan zai fi burge Yaya fiye da dutsen.

Layin ba don 'yan kallo aka yi shi ba, don kaya aka yi. Da farko gahawa ake nomawa a tuddan, sai wata cutar ganye ta ɓulla a 1869 ta bi gonakin ta ƙare su cikin 'yan shekaru. Shekara biyu kafin nan wani ɗan Sikotlan, James Taylor, ya gwada dasa shayi a gonar Loolecondera kusa da Kandi. Da gahawa ta mutu, shayi ya gaje ta. A 1890 Thomas Lipton ya zo ya sayi gonaki, har yau akwai wani tudu kusa da Haputale da ake kira kujerar Lipton, inda yake zama yana hangen gonarsa. Na faɗa wa mai shayin bakin makarantarmu cewa Lipton sunan mutum ne, ya ce in rantse.

Akwai gefen labarin da hotuna ba sa nunawa. Masu tsinkar ganyen zuriyar Tamilawa ne da aka kwaso daga kudancin Indiya zamanin mulkin mallaka, galibi mata, kuma bayan 'yancin kai a 1948 aka hana da yawansu zama 'yan ƙasa, aka yi shekaru kafin a warware. Har yanzu suna cikin mafi talauci a ƙasar. Na gaya wa ayarinmu ba mai ɗaukar hoton kowa sai ya nemi izini. Mu ma mun san yadda yake in baƙo ya tsaya kan gadar Argungu yana ɗaukar masunta kamar kayan gidan tarihi.

Za mu sauka Hatton, mu shiga mota zuwa Nallathanniya, mu kwanta da wuri. Lokacin hawa yana buɗewa ne da cikar wata a Disamba, ya rufe da cikar wata a Mayu. A tsakanin nan ana kunna fitilu a hanya, rumfunan shayi na buɗe duk dare. Bayan nan damina ce, da hazo da iska. Dole mu kauce wa 13 da 14 ga Afrilu, sabuwar shekararsu, da ranakun cikar wata, don a irin ranakun layi kan tsaya cik a kan matakala awa da awanni. Ana tashi wajen ƙarfe biyu na dare don a riski fitowar rana a sama. Abin da nake son gani da idona shi ne inuwar dutsen: da rana ta ɓullo, inuwar kan faɗa kan hazon yamma, mai kusurwa uku daidai kamar an ja ta da rula. Shekara nawa ina koyar da wannan ban gani ba.

Bayan dutse, hutun ƙafa a Nuwara Eliya, mai tsayin kusan mita 1,870. A gefenta Pidurutalagala yake, mafi tsawo a tsibirin, mita 2,524, amma akwai na'urorin sadarwa a kansa kuma sojoji ke gadi, ba a hawansa da ƙafa yadda aka ga dama. Sai filin Horton, wani shimfiɗaɗɗen tudu na ciyawa da kurmi sama da mita 2,000, inda ake zagayen kilomita tara a isa wani gaɓa da suke kira Ƙarshen Duniya, ƙasa ta yanke tsaye wajen mita 870. Sai an isa kafin ƙarfe tara ko goma, in ba haka ba gajimare ya rufe, ka biya kuɗi ka kalli farin bango. Horton, da dajin da ke kewaye da Dutsen Adamu, da tsaunukan Knuckles, su ukun ne UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2010.

Garin Ella da gadarsa mai baka tara na bar su a matsayin in kuɗi ya rage. Uwargida ta ce ba zai rage ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Jiya muka dawo daga Zuru. Da farko Kwatarkwashi na so, don dutse ne na gaske, amma duk wanda muka tambaya game da hanya sai ya girgiza kai, muka haƙura. Zurun ma sai da wani tsohon abokin karatuna ɗan garin ya ce mu zo, ya faɗa mana lokacin da za mu taso da lokacin da ba za mu kuskura ba.

Ya haɗa mu da wani dattijo ɗan Lelna da ya kai mu kan tudu, inda kakanninsu suka zauna kafin a sauko gari. Mutumin ya girmi Yaya da aƙalla shekara goma, silifas ne a ƙafarsa, amma mu ne muke cewa a dakata. Ya ga yadda nake hawa da manyan taki sai ya ce, "Malam, gajarta ƙafa. Dutsi ba a yi mai gaggawa." Ya nuna mana yadda ake saukowa a karkace, ba fuska gaba ba, da yadda ake dasa sanda kafin a sa ƙafa. Wata huɗu muna bene ba wanda ya gano wannan. Da muka sauko gwiwata ba ta ce komai ba.

A sama muka zauna muka ci ƙuli-ƙuli da dabino. Ana hangen gonakin dawa da aka girbe, da hayaƙin ƙauyuka, da wasu duwatsun a jere har inda ido ya gaza. Kunya ta kama ni. Shekara 19 ina koya wa yaran Kebbi tsaunukan Turai da Asiya, ban taɓa kawo aji ɗaya nan ba, ni kaina sai da na yi niyyar ƙetare teku na zo. Dakta ya ce, "To ko mu fasa, tunda ga dutsi a gida?" Yaya ne ya amsa masa: "Ni sai na ga gonar nan mai hawa-hawa."

Mun sayo sanduna huɗu na gora.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Gwajin dare. Tunda a can ƙarfe biyu za a tashi, kuma sanyin ƙolin kafin alfijir ba wasa ba ne, muka ce bari mu yi amfani da hunturu tun yana nan. Mai gadin makaranta ya buɗe mana ƙarfe biyu daidai, yana kallonmu kamar waɗanda aka yi wa asiri.

Rigunan sanyi na gwanjo muka saya a babbar kasuwa. Darasin farko: kada a fara da su a jiki. Kafin hawa na 30 duk mun jiƙe da gumi, da muka tsaya hutawa kuma iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, haƙora suka fara kaɗawa. Uwargida, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta tsara mana: riga mara nauyi a hawa, busasshiya a jaka, ta sanyi sai an tsaya. Darasi na biyu, takalmin da Dakta ya saya sabo ya yi masa kanta biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yau kowa da takalminsa zai riƙa zuwa ko'ina.

Dakta ya haɗa jakar magani, har da gishiri da lemun tsami saboda matsattsaku, waɗanda ke da yawa a dazukan can in an yi ruwa. Ibn Baɗuɗa ma ya ambace su, ya ce lemun tsami mutanen wurin ke matsa musu. Shekara kusan 700, magani bai canja ba.

Zuwa kiran asalatu: uwargida 200, Yaya 185, ni 180, Dakta 150 saboda ƙafa. A lura da Yaya. Ya rage tuwon dare, ya bar lemun kwalba, kuma na samu labari yana zuwa benen shi kaɗai ranar Laraba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ga inda aka tsaya. Fasfo huɗu sun fito, katin rigakafin shawara ya samu, wanda dole ne ga duk mai zuwa daga Nijeriya. Biza ce ta ƙi.

Mutanen yawancin ƙasashe suna cike takarda ne a intanet su samu izini cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu muna cikin 'yan ƙasashen da ba a yi wa wannan sauƙi ba: sai an nemi amincewa tun kafin a taso, kuma sai da wanda zai tsaya maka a can. Ga shi sun rufe ofishin jakadancinsu na Abuja tun ƙarshen 2021, lokacin da kuɗin waje ya yanke musu. Wani dillali a Kano da aka haɗa mu da shi ya karɓi kafin alƙalami a Disamba ya ce sati uku. Sati bakwai ke nan. Jiya ya ce "ana kai", shekaranjiya ya ce yana hanyar Legas. Laifina ne, uwargida ta ce kada a ba da kuɗi sai an ga takarda, na ce mutumin kirki ne don ya yi mini sallama da Larabci mai kyau.

Yanzu mun bi ta wani kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a Kolombo, wanda zai tsaya mana in mun kama masauki da mota ta hannunsa. Ya fi tsada. Ella ta fita daga lissafi ke nan gaba ɗaya. Ba za mu yanki tikitin jirgi ba sai izini ya zo.

Asabar, 15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Da azumi atisaye ya koma bayan tarawihi, sau biyu a sati, don zafin Birnin Kebbi na wannan wata ba ya barin mutum ya hau bene da rana ko ba azumi. Yaran unguwa sun gano mu, suna zuwa kallo. Yaron nan da ya yi mini tambaya shi ke riƙe mini lissafi yanzu: duk hawa goma ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani.

Daren Laraba Yaya ya cika 250. Ya sauko na ƙarshe, ya zauna a matakalar da ya zauna ranar farko, ya sha ruwa, ya ce, "To, Malam, saura kai." Uwargida 240. Dakta 205. Ni 214, kuma gwiwar hagu ta fara magana daga 190.

Dillalin Kano ya dawo da rabin kuɗin bayan Yaya ya kira shi da kansa. Kamfanin Kolombo ya ce takardunmu sun shiga ranar 3 ga wata. Na ƙirga: in izini ya zo kafin Sallah, za mu tashi bayan 16 ga Afrilu, mu hau a daren da ba na cikar wata ba kuma ba ƙarshen mako ba. In ya wuce ƙarshen Afrilu, lokaci ya ƙure, sai Disamba, kuɗin kuma ya koma noman damina kafin ya narke.

Inna ta aiko a tambaye ni ko can ma ana sayar da ganyen shayi na awo, in ana yi a taho mata da mudu biyu. Na rubuta a jerin saye-saye, ƙarƙashin irin shinkafar da Yaya ke son gani, wanda na riga na gaya masa ba za a bar shi ya shigo da shi ba.

Atisaye na gaba daren Talata.